Abin da yaron yake nufi da "I quit Garoua"

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, na samu tambayarka game da saƙon da ɗanka na wajena ya aiko maka, inda ya rubuta "I quit Garoua", har hankalinka ya tashi kana zaton ya ajiye aikinsa ne ko kuwa mun ɓata. Ko ɗaya babu. Abin da yake nufi shi ne ya taso daga Garwa ya kama hanyar Yola, kuma Faransanci ne ya ja shi ga wannan kuskure.

Ka san mu nan Hausa muke yi a gida, a kasuwa mu yi Fillanci, a makaranta da ofis kuwa Faransanci ne, duk da cewa Kamaru ta ɗauki Turancin Ingilishi a matsayin harshen hukuma na biyu daidai da shi. Yaranmu suna haɗuwa da Ingilishi a aji ne kawai, shi ya sa idan suka zo rubuta shi sai su laluɓo kalmar da ta yi kama da wadda suka saba. Bafaranshe yana cewa "quitter" idan zai bar wuri, mutanenmu ma har sun faɗaɗa ta, domin za ka ji ɗan tasha ya daka wa yaro tsawa da "quitte là" yana nufin ya kauce. To amma "quit" a bakinku ta fi tafiya da ajiye aiki, ko daina shan taba, ko takardar da mai gida yake ba ɗan haya ya tashi.

Kalmar da ta dace da shi ita ce "leave", wadda take komawa "left" idan abin ya riga ya wuce. Wahalarta a wajen yaranmu ita ce ta haɗa ayyukan da Faransanci ya raba uku, wato "partir", "quitter" da "laisser", kuma ko Fillanci ya bambanta "dillugo", tafiya, da "accugo", bari. A ganina Hausa ce ta fi kusa da ita, tunda da "bari" ɗaya muke barin gari, mu bar mabuɗi a wurin maƙwabci, mu ce a bar yaro ya yi barci. Inda ake yawan faɗawa rami shi ne wajen ƙaramar kalmar nan "for", domin wanda ya ce "I left Kano" ya baro Kano ne, wanda kuma ya ce "I left for Kano" yanzu ya nufi can.

Na yi masa wannan bayani ta waya, ya yi ta dariya yana jin kunya. Ranar da zai juyo gida, don Allah ka ce ya rubuto mini da Hausa cewa ya taso.