Tambayi Anti: Fuskata ke biya mini haya, amma zuciyata na wajen waƙa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Shekaruna 22. Shekara uku ke nan ina tallan kayan ƙawa a ƙarƙashin wani kamfanin dillancin masu talla, galibi ɗaukar hoto, wani lokaci taku a dandamali. Da kuɗin nake biyan haya, da shi na sayi jitar da nake kaɗawa. Amma ni tun ina 'yar shekara 15 nake rubuta waƙa. Yanzu haka akwai guda 14 a wayata, biyu kawai na saki, ni kaɗai, ba kamfani a bayana. Wani abokina furodusa ne ke naɗa mini kyauta a sutudiyonsa. Damuwata ita ce kullum a gajiye nake, rabona da kammala waƙa wata huɗu. Ga masu cewa fuska ce kawai, ba murya. Yanzu kuma kamfanin ya kawo sabon kwantiragi, wai za su riƙa kula da "dukkan harkokina na nishaɗi", har da waƙar, su cire kashi 20 cikin 100. Anti, in sa hannu? Ko in watsar da tallan in rungumi waƙa? An ce ba a tauna taura biyu.

Mai jita

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin komai, ajiye biron nan. Maganar barin talla za ta iya jira har baɗi, amma takardar da ke gabanki ba ta jira, kuma ita ce ta fi tsorata ni a duk wasiƙarki.

Shekara goma sha ɗaya na yi a teburin wani kamfani irin naki, ina amsa waya, ina tura yara wajen tantancewa, ina bin bashin kuɗinsu. Saboda haka ba da ƙiyayya nake magana ba. Kashi 20 cikin 100 ba zalunci ba ne a harkar talla, shi ne abin da aka saba. Su suka nemo aikin, su suka yi ciniki, su za su yi ta buga waya wata biyu ko uku kafin mai kaya ya biya. Sun ci guminsu. Amma ki tambaye su, cikin ladabi: a waƙar me za su yi? Sun san mai shirya wasa ko ɗaya? Sun taɓa yi wa waƙa rajista? In amsar a'a ce, to kaso suke so a gonar da ba su nome ba.

Ga abin da nake so ki riƙe. A talla haya kike bayarwa. Mai kaya yana hayar fuskarki ta wani lokaci, a wasu ƙasashe, a wasu kafafe: shekara ɗaya a mujalla da allon titi, ko wata shida a intanet. Hoton kansa ba naki ba ne, na mai ɗaukar hoton ne ko na wanda ya ɗauke shi aiki. Wa'adi ya cika, kuɗi ya ƙare, sai wani aikin. Waƙa kuwa dukiya ce. Tun 1886 aka ƙulla yarjejeniyar Berne kan haƙƙin mallaka, kuma yau yawancin ƙasashen duniya suna ciki. A ƙarƙashinta kariya ba ta jiran sai kin cike fom, kuma tana ɗorewa tsawon ranki da aƙalla shekara 50 bayan rasuwa. A Amurka da Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai 70 ce. Wato waɗannan 14 da ke kwance a wayarki sun fi duk hotunan da aka taɓa ɗaukarki tsawon rai. Wa ke haɗa kayan haya da kayan gado a takarda ɗaya?

Don haka ki nemi a cire waƙa daga kwantiragin, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa wakilcinsu a talla kaɗai ya tsaya. Ki duba abu uku kuma. Shekara nawa ne, kuma yana sabunta kansa ba tare da sa hannunki ba? Wa ke da iko da sunanki da hotonki, domin gobe za ki buƙaci fuskarki a bangon albam ba tare da neman izinin kowa ba? Sannan akwai inda aka ba su damar sa hannu a madadinki? A jihar New York, dokar da ta fara aiki a watan Yunin 2025 ta hana kamfanonin dillancin masu talla cire fiye da kashi 20, ta hana kwantiragi wuce shekara uku ko sabunta kansa a ɓoye, ta kuma ce sai da rubutaccen izini za a ƙirƙiri kamannin mutum da kwamfuta. Ko ba a can kike ba, ma'auni ne mai kyau da za ki gwada taki takardar da shi. Ki kai wa lauyan da ya san harkar nishaɗi, ba wanda kamfanin zai ba ki ba. Kuɗin awa ɗaya ko biyu ne. In kuma sun yi miki tayin kuɗin gaba, ki tuna bashi ne da za a cire daga aikinki. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Yanzu ga wanda ba ki tambaye ni a kansa ba, abokin nan naki mai naɗi kyauta. Allah ya saka masa, amma kalmar "kyauta" ta raba abokai fiye da bashi. Kowace waƙa da aka naɗa tana da haƙƙi biyu. Na farko na rubutun ne, wato kalmomi da karin. Na biyu na sautin da aka naɗa ne, wanda 'yan harkar ke kira masta. Kina iya mallakar na farko, na biyu yana hannun wani. Idan abokinki ya ƙara kiɗa, ko ya gyara miki amshi, wataƙila a ransa yana da kaso a duka biyun, kuma ba lallai ne ya yi kuskure ba. Na taɓa zama tsakanin wata yarinya da furodusanta bayan wani kamfani ya nemi waƙarsu don talla. Shekara biyu suna aiki lafiya lau. Ranar da kuɗi ya leƙo, shi ya buɗe kwamfuta yana nuna ranar da ya haɗa kiɗan, ita ta fito da littafinta mai tabon man leɓe a bango tana nuna baitocin. Kowa na da gaskiya, ba mai takarda. Kamfanin ya jira mako ɗaya, ya ɗauki waƙar wani. Har yau ba sa gaisawa.

Maganin abin shafi ɗaya ne: sunan waƙa, rana, sunayen waɗanda suka sa hannu a cikinta, kason kowa cikin 100 a rubutu, kason kowa a masta, sa hannu. Ki yi wa biyun da kika saki, makon nan. Zai ji nauyi, ke ma za ki ji. Ki ce Anti ce ta matsa.

Ki kuma shiga ƙungiyar karɓar haƙƙin marubuta waƙa ta ƙasarki. Irinsu ne SACEM ta Faransa da aka kafa a 1851, da ASCAP ta Amurka ta 1914, kuma suna da yarjejeniya a tsakaninsu, ta yadda in an sa waƙarki a rediyon wata ƙasa, kuɗin zai iya biyo ki gida. Masu rarraba waƙa a intanet irin su DistroKid da TuneCore, ainihin aikinsu kuɗin masta suke tattarowa; na rubutu hanyarsa daban, kuma matasa da yawa nan suke barinsa a ƙasa.

To, batun watsar da talla. Ra'ayina: kada ki bari yanzu. Ba don ina shakkar muryarki ba, ban ma ji ta ba. Lissafi ne. A Spotify, manhajar sauraron waƙa a intanet, sai mutum ya saurari daƙiƙa 30 ake ƙirga masa sauraro ɗaya, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta samun kaso daga kuɗin naɗi. Mai waƙa biyu ba ta biyan haya da wannan. Mawaƙin da yunwa ta kora kuwa shi ke sayar da masta ɗinsa da arha ga wanda ya fara ƙwanƙwasa ƙofa. Tallan nan da kike jin haushinsa shi ne ke ba ki bakin cewa a'a. Yawancin mawaƙa masu zaman kansu suna da wani aikin da ke riƙe da su. Naki dai kawai ya zo da hoda da fitila.

Akwai waɗanda suka bi hanyar kafin ke. Grace Jones ta yi suna a tallan sutura a Paris tun farkon shekarun 1970, ta ƙulla da kamfanin waƙa na Island a 1977. Carla Bruni ta bar dandamalin tallan sutura a 1997, amma albam ɗinta na farko sai 2002 ya fito, kuma kafin nan wani mawaƙin ta fara rubuta wa baitoci. Ki lura da tazarar, shekara biyar, ga mace da ta riga ta tara kuɗi da suna. Ba na kawo su don ki kwaikwaya ba, don ki daina ganin wata huɗu kamar ƙarshen duniya ne.

Gajiyar dai gaskiya ce, kuma na san daga inda take. Aikin talla ba nauyi ne da shi ba, rashin tabbas ne. A kira ki da dare a ce gobe da asuba. A ce an riƙe miki ranar Laraba, ki soke komai, ranar Talata a ce an fasa. Mai rayuwa haka ba ta iya cewa kullum ƙarfe huɗu zan zauna in rubuta. Sai dai aikin yana da wani arziki da ba a kula da shi: jira. Akwai wata da na riƙa turawa aiki, ba na manta ta. Bayan dandamali, gashinta cike da fil, an hana ta jingina don kada rigar ta yamutse, sai ta tsaya a lungu ta lulluɓe kanta da mayafi tana rera wa wayarta layi biyu a hankali. Masu kwalliya har tsokanarta suke yi. A mako guda takan tara guntaye ashirin ko fiye, yawancinsu shirme. Amma ranar hutunta ba ta zama gaban farar takarda. Zaɓe take yi a cikin abin da ta tara.

Ki raba aikin haka. Tsinto a wurin jira, ginawa a gida. Don ginawar kuma, ki gaya wa mai tura ki aiki cewa rana kaza a mako ba kya nan. Kamfanoni sun saba da wannan, ana rubuta shi a jadawali kamar yadda ake rubuta aiki. Za ki rasa wani aikin, babu makawa, kuma ranar farko da babban aiki ya faɗo a wannan rana za ki gane ko da gaske kike. Kada kuma ki sa ranar sakin waƙa a lokacin da kasuwar talla ke ci. Manyan makonnin nunin sutura na New York da Landan da Milan da Paris suna zuwa ne wajen Fabrairu zuwa Maris, da Satumba zuwa farkon Oktoba, kuma hayaniyarsu takan taɓa har waɗanda ba su je ba.

Masu cewa fuska ce kawai, ba ni da dogon zance a kansu. Za su faɗa ko kin bar tallan. Abu ɗaya ke rufe bakin wasunsu: ki zauna da jitarki, ba kwalliya, ba gyaran murya na kwamfuta, ki rera waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe a ɗauka. Sai dai ki shirya ranki, dubban da ke bin shafinki don hoto ba duka za su bi ki zuwa waƙa ba. In ɗari biyu suka saurara har ƙarshe, waɗannan ne naki.

Yaushe za ki bari, in har za ki bari? Ranar da kika ajiye abin da zai riƙe ki wata shida zuwa shekara ba tare da an ɗauke ki hoto ba, kuma kina da waƙoƙi kammalallu, masu takarda, da suka isa a tsaya da su gaban jama'a na minti arba'in. Ki rubuto mini bayan kin ga lauyan, ina son jin abin da kamfanin ya ce da kika nemi a cire layin waƙar.

TAMBAYA

Anti, ni ma sana'o'in nan biyu nake yi. Duk ranar da na dawo daga tafiyar aiki muryata a dishe take, sai na kwana biyu ban iya naɗi ba. Me ke jawo haka?

Ƙaninki, mai rera waƙa

AMSA

Ƙanena, iskar cikin jirgi da ta na'urar sanyaya ɗaki busassu ne, ga feshin gashi da kake shaƙa, ga ɗaga murya kan kiɗan da ake sakawa a wurin ɗaukar hoto, ga kuma ku da ƙin shan ruwa don kada ciki ya fito. Ka sha ruwa, ka rage surutu a wurin aiki, kada ka yi raɗa don ita ma tana wahalar da maƙogwaro, kuma kada ka sa ranar sutudiyo washegarin tafiya. In dishewar ta wuce mako uku, ka je wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa.