Ke da kika yi tambaya kan likitan da ya ce zai kai rahoto

Wallahi 'yar'uwa tun da na karanta saƙonki jikina ya yi sanyi. Kin kai 'yar yayanki asibiti da ƙuna a tafin hannu, likita ya keɓe da ita ya yi mata tambayoyi, ya ce sai ya sanar da jami'an walwala, yanzu dangi sun sa ki a gaba wai kin tona asirin gida, kina tambaya ko ki je ki roƙe shi ya bar maganar. Don girman Allah kar ki je.

Ni ganau ce, ba jiyau ba. Da aurena ya mutu, uban ya ƙwace ɗana yana shekara biyar ya kai wa amaryarsa. Duk hutun da ya zo sai na ga sabon tabo. Yau a ce daga katanga ya faɗo, gobe a ce ƙiriniya. Sau biyu ana kai shi kemis, a wanke a naɗe, ba mai cewa uffan. Ni ma shiru na yi, tsoron kar a ce kishi ne ke cina.

Zazzaɓi ne ma ya kai mu asibiti ranar. Likitar ta ce a ɗaga masa riga za ta saurari ƙirjinsa, sai na ga ta tsaya cak. Bayansa duk shatin wayar caja, a lanƙwashe kamar ƙugiya, wasu sun bushe sun yi baƙi, wasu ɗanye. A cikin cinyarsa kuma ga shatin bayan cokali, raɗau. Ta ce, "Hajiya, yaron da ya faɗi gwiwa yake gurjewa, ko goshi, ko ƙwauri. Faɗuwa ba ta kai ciwo nan." Ta tura mu hoto, aka ga haƙarƙari biyu sun karye har sun fara haɗewa da kansu. Wato da karaya yake kwana yake tashi, ni ina can ina barci.

Amaryar uban nan fa, duk sallah sai na aika mata turmin atamfa don ta riƙe min shi da amana. Idan na kira sai ta ce, "Haba Yaya, ai ɗana ne." Ashe in ya yi fitsarin kwance sai ta ɗora cokali a kan risho ta jira ya yi zafi. Ta jira! Uban da aka nuna masa hoton, buɗar bakinsa sai ya ce tarbiyya ce. Ban yafe ba, kuma kar wata ta zo ƙasan nan ta yi min wa'azin haƙuri.

Ki karɓi rahoton likitan a rubuce, da sa hannu da hatimin asibiti, ki yi kwafi ki ɓoye a gidan da ba naku ba. Shi ya cece ni a gaban alƙali, don bakina ni kaɗai da cewa za a yi tsohuwar mata ce ke huce haushi. Ki ɗau hoton ciwon yau kafin ya warke, amma kar ki sa a Facebook. Kuma ba shisshigi likitan ya yi ba, akwai dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003, Kano ma ta sa hannu kan tata a 2023. In kuɗin lauya ne matsalar, nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Kar ku yi ta titsiye yarinyar da tambaya, wannan ya zo wancan ya zo, sai ta rikice ta canza magana. In kuma akwai zargin an taɓa ta ta wata hanyar, Allah ya kiyaye, kar a yi mata wanka ko a wanke kayanta, a garzaya cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, wato Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, ko Salama in a Kaduna kuke. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.

Af, fitsarin kwancen ma, wata biyu da dawowarsa wurina ya daina, ba rubutu ba magani. Sai dai har yau ba ya shiga kicin in risho na kunne.

Ba ki faɗa mana ba, yarinyar a ina za ta kwana yau? In gidan za a mayar da ita, ki koma wurin likitan tun kafin magariba ki gaya masa.