Muryar Gwaggo ga mai cikin fari: ba kayan jariri ne farkon shiri ba

(Ga muryar da Gwaggo ta turo gurup jiya da daddare. Na rubuta ta saboda waɗanda suka ce ta ƙi buɗe musu. Yadda ta faɗa haka na rubuta.)

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan gida barkanmu da dare, ya ruwa? To, wata 'yata ce a cikinku ta turo min saƙo ta gefe tun la'asar. Ba zan kama suna ba, ita ta san kanta, kuma da izininta nake amsawa a nan, don na san akwai masu irin tambayar da nauyin baki ya hana su. Cikin fari ne da ita, ta shiga sati na 21. Ta ce ba ta tabbatar ko abin da take ji motsi ba ne, ƙafarta tana ɗan tasawa da yamma, surukarta ta aiko mata da jarkar maganin zaƙi, sannan tana so in lissafa mata kayan jariri kafin ta shiga Sabon Gari sayayya.

To 'yar nan, Allah Ya raba lafiya. Ki saurara da kyau, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Maganar motsi, kwantar da hankalinki. Mai cikin fari yawanci sai tsakanin sati 18 zuwa 22 take ganewa, wata ma har ta kusa 24. Da farko ba naushi ba ne, wani ɗan wutsil-wutsil ne a ƙasan cibiya kamar ƙaramin kifi a cikin kwano, har ki ɗauka iska ce ke yawo a hanji. In mabiyiya ta zauna ta gaba, tana tare motsin, sai a daɗe ba a ji sosai ba. Amma in kin cika sati 24 shiru, ki je a saurara miki bugun zuciyarsa. Kuma yanzu ne daidai lokacin babban sikanin, wanda ake yi tsakanin sati 18 da 22. Ku yaran yanzu kuna zuwa ne don a ce muku mace ko namiji, a sayi shuɗi ko ruwan hoda. Ba shi ne amfaninsa ba. Ana duba kai, zuciya, ƙashin baya, ƙoda, a ga inda mabiyiya take, a ga ko ɗaya ne ko biyu. Satin nan ki je, kada ki bari ya wuce ki.

Ƙafa kuma, in da yamma ta tasa, da safe ta saɓe, wannan kusan kowa na yi. Ki riƙa ɗora ta kan filo, ki rage doguwar tsayuwa a kicin. Wanda nake tsoro daban ne, kuma ina so kowa a gurup ɗin nan ta riƙe shi, har ku iyaye. In kika wayi gari fuska ta kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsa, kai yana sara kin sha Panadol bai sauka ba, ido yana ganin dishi-dishi ko wasu taurari, ko ciwo ya tokare ki a ƙasan haƙarƙari ta dama, to ba a jiran ranar awo, ba a jiran maigida ya taso daga kasuwa. Hawan jinin masu ciki ke nan, yana farawa ne bayan sati 20, kuma mai cikin fari ya fi kamawa. In aka gwada aka ga 140 bisa 90 ko sama, magana ta canja. Shi ne in aka bar shi yake zama jijjiga, wanda ake ce wa taune-taune. Shekarun da na yi a ɗakin haihuwa, wallahi abin da ya fi ci min rai ke nan: a kawo yarinya ta tauna harshe, jikinta duk warin hayaƙi, an kwana ana mata turare wai iska ce. Alhali akwai allurarsa a asibiti, ana yi jijjigar take lafawa. Addu'a ba wanda ya hana, a yi ta a cikin mota ana tafiya. Haka in kika ga jini ko ɗigo ne, ko ruwa ya ɓalle, ko zazzaɓi mai zafi, duk hanya ɗaya ce.

Shi ya sa awo ba zuwa karɓar magani ba ne kawai. Da can sau 4 ake cewa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi aƙalla sau 8, kuma yawancinsu a ƙarshe suke taruwa: sati 26, 30, 34, 36, 38, 40. Na san layi, na san sai kin yi sammako kin ajiye kati, kin zauna kan benci har azahar. Ki haƙura, ki tafi da ruwa da ɗan abin taɓawa. Kuma ku daina karɓar kati ku cusa a jaka kamar rasit. Ki buɗe ki karanta. Nawa ne jininki, wato PCV? Wane rukunin jini gare ki? In an rubuta negatif, ki tambayi nas maganar allurar anti-D tun yanzu, don ana yin ta wajen sati 28, a kuma yi cikin awa 72 bayan haihuwa in jaririn fozitif ne. Tana da tsada, ba abin da za a tashi nema ranar ba ne, kuma amfaninta na 'ya'yan da za ki haifa nan gaba ne. Allurar tetanus guda 2 ce a wannan cikin, sati 4 tsakani.

Ga shi damina ce, sauro ya yi yawa, ko'ina kwata ta cika. Fansidar ɗin nan ƙwaya 3 da ake ba ku a sha a gaban nas, ba don kina ciwo ba ne. Maleriya tana iya ɓuya a mabiyiya ke ba ki ji komai ba, tana shan jininki, yaro ya fito ɗan mitsitsi. Ana farawa bayan wata 3 na farko, wata-wata, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Gidan sauro kuma kowane dare, ko da zafi. Jan maganin nan na ƙarin jini, na san yana sa bayan gida ya yi baƙi ya yi tauri, wasu har tashin zuciya. Kada ki watsar. Ki sha da daddare bayan abinci, amma ban da kora shi da shayi, shayi yana hana jiki ɗaukarsa. Lemon zaƙi ko gwaiba sun fi. Ki ci zogale, wake, alayyahu, kifi, ƙwai. Masu cewa ƙwai yana sa yaro ya zama kaza ko kaza, ki ce to, ki ci abinki. In kika ji ranki yana biya miki farar ƙasa ko ƙanƙara, ki faɗa a wajen awo, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce. Ciwon baya kuwa, kada ki aika kemis a haɗo miki. Ibuprofen da diclofenac ba na mai ciki irin naki ba ne.

Ɗan dakata... kai, rufe min ƙofar nan sauro na shigowa. Yauwa.

Sai jarkar surukarki. Nan sai da dabara. Baiwar Allah nan ƙauna ce ta sa ta aiko, jikanta take jira, ita ma haka aka yi mata. Kada ki mayar, kada ki ce mata likita ya hana, za ta ji kamar kin raina ta. Ki karɓa hannu biyu, ki yi godiya. Amma ni gwaggonki ban yarda ki sha ba. Ba ki san saiwar da ke ciki ba, ba ki san yawanta ba, mai haɗawar ma da ido ta auna. Akwai masu tayar da ciwon mara tun lokaci bai yi ba, akwai masu sa gudawa har mace ta galabaita. Kuma ba zaƙi ke tsare haihuwa ba. Doguwar naƙuda, ko kan yaro ya fi ƙarfin ƙugu, ko kwanciyarsa ba daidai ba, ko mahaifa ba ta matsawa yadda ya kamata. Ba jiƙon da ke gyara waɗannan. Wannan magana mijinki ne zai kai ta wajen mahaifiyarsa, da bakinsa, cikin ladabi. Ɗa ya faɗa a yi dariya, matar ɗa ta faɗa a shekara ana maimaitawa.

To yanzu ga abin da ya sa na ce sai na yi murya, ban tsaya rubutu ba. Kin tambaye ni kayan jariri. 'Yar nan, kayan jariri yini ɗaya ne. Ko ranar da kika haihu yayyenki za su shiga kasuwa su cika ɗaki. Watannin nan na tsakiya, laulayi ya tafi, nauyi bai zo ba, su ne kike da ƙarfi da natsuwar zama da mijinki ku yanke maganganu masu nauyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ina za ki haihu? Ki sa suna. Asibitin Murtala ne, Nassarawa ne, Malam Aminu Kano ne, Bamalli ne, ko na kuɗi ne a unguwarku? In ƙaramin asibiti ne, ki tambaye su ƙiri-ƙiri: in abu ya rikice ƙarfe biyun dare, akwai likitan da zai yi aiki? Akwai jini? In babu, ina kuke turawa? Sannan na san al'adarmu, wata 7 za a zo a ɗauke ki goyon ciki. Madalla, gaban uwa daɗi. Amma ke kina awo a Hotoro, gidanku yana cikin gari, kin ga an yi nisa. Sai yarinya ta koma gida, awo ya tsaya cak, a daidai watannin da hawan jini ya fi tasowa. Ko dai ki ci gaba da zuwa inda kika saba, ko ki buɗe kati kusa da gidan Hajiya mahaifiyarki tun kafin ki tare, ki tafi da duk takardun gwajinki da na sikanin.

Wa zai kai ki? Lungun gidanku mota ba ta shiga, na sani. Da tsakar dare samun adaidaita sahu ba tabbas. A sami mutum biyu masu abin hawa, a gaya musu tun yanzu, lambarsu tana wayarki da ta Hajiya. Wa zai ba da jini in an nema? Mijinki da ƙannensa su je a gwada su, a san wanda ya dace. Kuɗi kuma a ware su daban, ba na rago ba, ba na atamfar fitar suna ba. In yana aikin gwamnati ko kuna da inshorar lafiya, ya je ya tabbatar sunanki yana ciki. Sai babbar: in naƙuda ta zo ba ya gari, ko wayarsa a kashe, ya faɗa yau a gaban iyaye cewa ya ba da izini a tafi da ke, kuma in likita ya ce aiki, wane ne zai sa hannu. Na ga mace kwance, an gama shirya ɗakin tiyata, ana ta kiran waya ana jiran wani ya ce to.

Sai kunya. Mu aka raina da cewa 'yar kirki ba a jin bakinta a haihuwar fari. Akwai wata yarinya da aka taɓa kawo mana, ba za ta fita raina ba. Ciwo ya kama ta tun daren jiya, ta shige ɗaki ta ja ƙofa, tana durƙushe ta cusa gefen zani a baki don kada mahaifinta ya ji daga tsakar gida. Da safe har shara ta fito ta yi. Sai da ƙanwarta ta ga ta kasa miƙewa daga bakin rariya sannan aka sani. Ta rayu, amma yaron bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Ku je sashen Laure a asibitin Murtala ku ga masu jiran gyara, da yawansu haihuwar fari ce, wasu kuma yankan gishiri aka yi musu a gida wai a buɗe hanya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki zaɓi mace ɗaya, yayarki ko ƙanwar Hajiya, wadda ba kya jin nauyinta, ki ce mata ke zan fara gaya wa. Kunyar ɗan fari ki yi ta bayan an haihu, ki ƙi kiran sunansa har ya yi gemu, ba ruwana.

Kayan kuwa, tunda lissafinki ƙarshen Disamba ne, tsakiyar sanyi, ki fi ba da ƙarfi a hula, safa, rigunan sanyi masu laushi da shawul mai kauri. Kada ki tara ƙananan kaya, sati kaɗan sun matse shi. Tsofaffin zannuwan atamfa da suka sha wanki, Hajiya ta ware miki, sun fi sabon tawul amfani. Asibitin da kika zaɓa za su ba ki nasu lis ɗin, audugar mata, safar hannu da sauransu, ki haɗa jaka kafin sati 36. Ki sa maganin cibiya na chlorhexidine a ciki, shi kaɗai za a shafa, ban da man goge baki, ban da gashi da tsumma. Kaskon gawayi kuma kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki don ɗumama jariri, hayaƙinsa ba ya wari amma yana kisa. Ruwan nonon farko mai kauri, dakashi, ba a matse shi a zubar, shi za a fara ba shi. Maganar wankan jego da kunun kanwa doguwa ce, ina da abin cewa sosai, musamman ga wadda jininta ya taɓa hawa, amma wannan sai mun zauna da Hajiyarki ido da ido, ba a gurup ba.

Gobe in Allah Ya kai mu ki ɗauki hoton katin awonki, gaba da baya, ki turo min ta gefe in ga jinin da rukunin. Ki ce wa mijin naki ya kira ni bayan isha'i, akwai abin da zan gaya masa shi ma. Cajina ya kusa ƙarewa. Sai da safenku.