Bege, Haƙuri da Ta'aziyya: Amsoshin Tambayoyinku daga Sudan

Tambayoyin wannan karon kusan duk daga 'yan'uwa Kirista masu jin Hausa suka fito, waɗanda yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya warwatsa daga Kartum da Umdurman zuwa Gadarif, Kasala da Bur Sudan. Ba su da yawa a cikin Hausawan ƙasar nan, domin akasarinmu a Sudan Musulmi ne, jikokin maniyyata da na mutanen da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Amma bakin ɗaya ne, wahalar da ake ciki ma ɗaya ce.

Wata 'yar'uwa daga Gadarif: "Malam, a zumuntar mata mun karanta 1 Korintiyawa 13:13. Littafina ya ce bangaskiya, bege da ƙauna, na wata kuma ya ce sa zuciya. Maƙwabciyata Musulma ta ce ita a saninta bege yabon Annabi ne. Wanne ne daidai?"

'Yar'uwa, maƙwabciyarki ta faɗi gaskiya, littattafan naku biyu ma ba su yi ƙarya ba. Asalin bege a Hausa shi ne ɗokin wanda kake ƙauna alhali ba ya kusa da kai. Matar da mijinta ya tafi fatauci tana begensa. Yaron da aka kai almajiranci wani gari yana begen gida. Daga nan sha'irai suka ɗauki kalmar, suka ce da waƙoƙin da suke rerawa na shauƙin Manzo bege, irin abin da mutanen Sudan ke kira madih.

Da aka zo fassara Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, Dakta Walter Miller na Wusasa yana cikin manyan masu aikin, sai aka buƙaci kalmar da za ta ɗauki jiran abin da Allah ya alkawarta. Ki duba abin da Hausa ta shimfiɗa wa mai fassara. Akwai fata, amma fata ba ta da tabbas, ita ce muke buɗe wasiƙa da ita, "ina fatan kuna lafiya", ko mun san halin da ake ciki ko ba mu sani ba. Akwai zato, wanda Bahaushe da kansa ya ce zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Akwai tsammani, shi kuma karin magana ya riga ya ɓata masa suna: tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Sa zuciya magana ce mai kyau, kowa na gane ta ba sai an yi bayani ba, shi ya sa wasu masu fassara suka zaɓe ta. Sai dai mutum yana iya sa zuciya ga albashi, ga biza, ga motar da za ta fitar da shi daga gari.

Ni dai bege nake so, kuma ba na ɓoyewa. Ba a begen wanda ba a sani ba, ba a kuma begen wanda ba a ƙauna. Kalmar tana tilasta wa mai faɗinta ya ambaci wanda yake jira. Ki buɗe 1 Bitrus sura 1. A aya ta 3 manzo ya yi maganar bege mai rai ta wurin tashin Yesu Almasihu daga matattu, a aya ta 8 kuma ya ce wa mutanen da suka warwatsu cikin baƙunci, ko da ba ku gan shi ba kuna ƙaunarsa. To, wannan ai shi ne ma'anar bege tun kafin mishan ya taka ƙasar Hausa. Bulus ma a Romawa 8:24 cewa ya yi begen da ake gani ba bege ba ne. Wanda ya bar gidansa a Umdurman da jaka ɗaya ba shi da tabbacin zai koma ya iske ƙofa a jikin ɗaki, ba kuwa ayar da ta yi masa wannan alkawari. Abin da aka ba shi ya riƙe shi ne wanda ya ce ba zai yashe shi ba, Ibraniyawa 13:5.

Larabcin majami'un Sudan ma yana da irin wannan bambanci. A titi za ki ji amal, a karatun 1 Korintiyawa 13:13 kuwa raja' ake cewa.

Abin da ke damuna shi ne yadda samarinmu suka fara tsinka kalmar da ruwa. Sai ka ji "ina da begen cin jarrabawa", "ba ni da begen samun aiki". Wannan ba Hausa ba ce, tunanin Turanci ne aka sa wa hula. A ce "ina sa ran ci", ya wadatar. Wasu ma ba sa wahalar da kansu, kalmar Turancin suke jefawa tsakiyar addu'a. A bar wa bege nauyinsa, don ranar da za a neme shi da gaske tana zuwa, ga mutane da yawa ma ta riga ta zo.

Wani ɗan'uwa daga Bur Sudan: "Mafaka da maɓoya duk ɗaya ne?"

A'a. Ɓuya don kada a gan ka ne, fakewa kuwa don kada ruwa, rana ko masifa su same ka. Zabura 46 da ta ce Allah ne mafakarmu ta zaɓi daidai.

Wani magidanci a Kasala, wanda ya rasa ɗansa a hanya lokacin da mutane ke gudu daga Madani a Disamban 2023: "Baba Malam, duk wanda ya shigo sai ya ce mini yi haƙuri. Har na fara jin kamar ana cewa in yi shiru. Kukan da nake yi rashin haƙuri ne, ko rashin bangaskiya?"

Ɗana, sannu da wannan babban rashi. Allah ya ƙarfafa ka, kai da mahaifiyar yaron.

Kukanka ba ko ɗaya daga cikin biyun ba ne. Matsalar tana wurin kalmar da muka ɗora wa kaya fiye da kima. Wanda ya taka ka ya ce yi haƙuri. Wanda ya hana ka bashi ya ce sai haƙuri. Mai mulki ya danne haƙƙin talaka, a aiko dattawa su ba shi haƙuri. Da wannan kalma guda kuma muke shiga gidan makoki, mu faɗe ta da sauri don mu samu mu tashi. Yawancin masu faɗa maka da zuciya ɗaya suke faɗi, ba su da wata kalmar ne, amma kunnenka bai yi kuskure ba da ya ji murfi a cikinta.

Magabata ba haka suka fahimci haƙuri ba. Sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Mai dafa dutse yana gaban murhu, yana iza wuta, hayaƙi na shiga idonsa, hawaye na zuba, bai dai sauke tukunyar ba. Haƙurin da ba magana ba motsi kuwa sun san mai shi, suka ce haƙurin kaya sai jaki, ba su kuma ce mutum ya yi koyi da shi ba.

Masu cewa "ka yi haƙuri irin na Ayuba", ina roƙonsu su karanta littafin su wuce sura ta 2. A sura ta 3 Ayuba ya la'anci ranar da aka haife shi, ya kuma yi ta kai ƙara gaban Allah sura bayan sura. Duk da haka Yakubu 5:11 ya yabi jimirinsa. Jimiri, ka lura, wato tsayawa a ƙarƙashin nauyi ba tare da an saki ba, ita ce kalmar da ta fi dacewa da halin da kake ciki. Dawuda a Zabura 13 ya tambayi Ubangiji "har yaushe" sau huɗu a jere. Yesu ya yi kuka a kan hanyarsa ta zuwa kabarin Li'azaru, Yohanna 11:35, alhali ya san zai tashe shi. Bulus kuma a 1 Tasalonikawa 4:13 bai hana baƙin ciki ba, cewa ya yi kada a yi shi irin na waɗanda ba su da bege. Mutanen Sudan da muke zaune da su ma gidan makoki bika suke ce masa, wato kuka, ba sa jin kunyar sunan.

Ga masu zuwa gaisuwa, Romawa 12:15 ta ce ku yi kuka da masu kuka. In ba ka da abin faɗi, ka ce sannu, ka zauna.

Wata ɗaliba: "Malam, 2 Korintiyawa 1:3 ta kira Allah mai dukan ta'aziyya. Ba sai an yi mutuwa ake ta'aziyya ba?"

A Hausar yau da kullum haka ne, 'yata. In mutuwa ce a yi ta'aziyya, in gobara ce, ko sata, ko an wawashe gidan mutum kamar yadda aka yi wa dubbai a Kartum, a yi jaje. Masu cewa sun je ta'aziyyar shago su gyara. Amma kalmar daga Larabci muka aro ta, kuma a can tana da faɗi, ƙarfafa zuciyar wanda ke cikin damuwa ce kowace iri. Hausar ikilisiya ta riƙe wannan faɗin, har ta ƙera aikatau daga ciki, ta'azantar, kamar a farkon Ishaya 40. A Littafi Mai Tsarki na Larabci, Ruhu Mai Tsarki da Yesu ya alkawarta a Yohanna 14:16 al-Mu'azzi ne, daga saiwa ɗaya.

Ki ci gaba zuwa aya ta 4, domin ba a raba ta da ta 3. Ana ta'azantar da mu ne don mu ma mu ta'azantar da wasu. Matasan unguwannin Umdurman da suka kafa takiya, wato wurin dafa abincin sadaka, suna dafa wake da adas a manyan tukwane suna raba wa maƙwabta, sun yi wa wannan aya tafsiri ko da ba su taɓa karanta ta ba. Zumunci a ƙafa yake.

Tambaya: "Dangana da dogara?"

Duka biyun jingina ne. Dogara tana kallon abin da ke gaba, dangana kuma karɓar abin da ya riga ya faru ce, irin ta Ayuba 1:21.

Wani dattijon ikilisiya: "Malam, 'komai nisan dare gari zai waye' daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko? Mun so mu rubuta shi a takardar addu'ar tunawa da waɗanda muka rasa, tare da 'komai nisan jifa ƙasa zai faɗo'."

Baba, karin maganar Hausa ne tsantsa, sai dai yana da ɗan'uwa a Zabura 30:5, inda aka ce kuka kan kwana, da safe kuwa sai murna. Ku rubuta su tare, sun dace. A kuma rubuta nisan dare yadda aka gada. Masu mai da shi tsawon dare sun manta Bahaushe cewa yake dare ya yi nisa.

Na biyun kuwa don Allah a cire shi. Kamar da suka yi a farko ce ke ruɗin mutane. "Komai nisan jifa" gargaɗi ne ga mai girman kai ko mai ɓarna, cewa ƙarshensa na nan tafe, ba a kai shi gaban masu makoki. In takardar tana buƙatar layi na biyu, ku ɗauko Ru'ya ta Yohanna 21:4, inda aka ce Allah zai share dukan hawaye daga idanunsu.