Na fara shan maganin damuwa, amma ban ga canji ba

Tambaya: Likita ya rubuta mini sertraline saboda ciwon damuwa. Na shiga mako na biyu, babu sauƙi, sai ma tashin zuciya da ƙarancin barci. Ƙawata ta ce in ajiye shi in sayi irin nata, amitriptyline, tunda ya karɓe ta. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kada ki ajiye shi. Wannan magani ba ya aiki nan take kamar na ciwon kai. Yawanci sai an yi mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, wani lokaci ma sai mako 6. Tashin zuciyar da kike ji kan zo tun farko, kuma galibi yana lafawa da kansa. Ki riƙa shansa bayan kin ci abinci, da safe idan yana hana ki barci, kuma ki shaida wa likitanki.

Ƙawarki alheri take nufi, amma maganinta wani jinsi ne daban. Amitriptyline yana sa barci da bushewar baki, kuma idan ya yi yawa a jiki yana iya taɓa zuciya. Sauya magani aikin likita ne, shi ya san yadda ake rage wani a shigar da wani.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da za ki ji kin warke. A nan mutane da yawa ke watsar da magani, ciwon ya dawo. Ana so a ci gaba da sha na aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, sannan a rage shi sannu a hankali. Yanke shi lokaci guda na jawo jiri, saurin fushi, munanan mafarkai, da jin kamar wutar lantarki na ratsa kai.

Ki guji tramadol, domin haɗuwarsa da sertraline na iya kawo zazzaɓi, rikicewa da jijjiga. Ibuprofen da aspirin kuma suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki, sai da iznin likita. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ya zo miki, wanda an fi gani ga 'yan ƙasa da shekara 25 a makonnin farko, ki gaya wa wani na kusa, ku tafi asibiti a ranar.

Tambaya: A kantin magani an nuna mini kwali biyu na maganin damuwa mai suna fluoxetine, ɗaya ya fi araha. Mai arahar zai yi aiki?

Amsa: Malam, zai yi, muddin sunan sinadarin da yawan miligiram ɗin sun yi daidai da takardar likita. Kamfani ne kawai ya bambanta. Ka saya a kantin da ke da lasisi, ka duba ranar ƙarewar wa'adinsa. In ka manta ba ka sha ba wata rana, kada ka haɗa biyu washegari.