Amsa kan maganar Sauce Gardner (murya)

Salamu alaikum jama'a. To yallaɓai, na saurari muryar da ka turo, inda kake cewa wai Sauce Gardner, ɗan wasan ƙwallon Amurka na gasar NFL, suna ne kawai, wai kona (ɗan wasan baya mai tsare gefe) da ba ya cafke ƙwallon da abokan hamayya suka jefa me ya sa za a zuba masa wannan uban kuɗi, kuma kai a wajenka Derek Stingley, shi ma kona, ya fi shi nesa ba kusa ba. To ka ɗan yi haƙuri ka saurare ni, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Da farko dai maganarka akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Daga 2022 da ya shigo NFL har ƙarshen kakar 2024, ƙwallo 3 kacal ya cafke a iska, biyu a shekararsa ta farko, 2023 ko ɗaya babu, 2024 guda ɗaya. Shi kuwa Derek Stingley na Houston 5 ya cafke a 2023, ya sake 5 a 2024. In lissafin nan kaɗai za a bi ai magana ta ƙare, kowa ya kama gabansa.

Amma fa ba haka ake auna kona ba wallahi. Shi aikinsa ya hana risiba, wato wanda ake jefa wa ƙwallo, karɓar ta, in ya manne wa mutum har kwatabak, mai jefa ƙwallon, ya ɗago kai ya duba ya ga babu hanya ya juya ɗaya ɓangaren, to ya gama aikinsa, kuma babu inda za a rubuta masa wannan a takarda. Kamar mai gadin da ɓarayi suka daina bin layinsa ne, ba za ka ce ba ya aiki don bai kama kowa ba. Ka tuna Trevon Diggs na Dallas a 2021, ƙwallo 11 ya cafke, kowa na ta ihu, amma a wannan kakar dai an ci yadi sama da 1,000 ta kansa, saboda caca yake yi, in ya yi tsalle ya samu ya samu, in ya kuskure kuma mutum ya wuce shi fit.

Shi Sauce abin da Allah ya ba shi jiki ne. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 3, hannuwa zaƙo-zaƙo, kuma da aka gwada gudunsu kafin diraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa, ya yi yadi 40 a daƙiƙa 4.41, dogon mutum irin wannan da wuya ka same shi da wannan gudun, yawanci dogaye ƙugunsu a sandare yake, in risiba ya karya kwana sai ka ga sun yi kamar za su faɗi kafin su juyo. Shi ba haka yake ba, yana juyawa sumul. A jami'ar Cincinnati shekara uku ya yi ba a ci tacdawun, wato kai ƙwallo ƙarshen fili a ci maki, ko ɗaya ta kansa ba, shi ya sa kulob ɗin New York Jets suka ɗauke shi na 4 a diraf ɗin 2022, Stingley kuma aka ɗauke shi na 3, a jere suke. Shekararsa ta farko ya tare ƙwallo 20, ya fi kowa a gasar, ya ci kyautar sabon ɗan wasan baya na shekara, ya shiga sahun farko na All-Pro, wato jerin gwanayen shekara, kuma rabon da sabon kona ya yi haka tun Ronnie Lott a 1981. 2023 ma ya sake shiga. Wannan kam ba surutun intanet ba ne.

To yanzu bari in gaya maka inda ni nake da damuwa da shi, don ba inda kake kallo ba ne. Hannu. Yaron nan yana son riƙe mutum, ka sa ido ka gani, riga, kafaɗa, ƙugu, yana ɗan ja yana saki yana ɗan ja. A doka yadi 5 na farko kawai aka yarda ka dungure risiba, bayan nan ka taɓa shi alƙali zai jefa tutar laifi, kuma a NFL in aka kama ka da tare mutum kafin ƙwallo ta iso, a daidai inda ka yi laifin za a ajiye ƙwallo, ko da yadi 40 ne, ba kamar jami'a ba da iyakarta 15. To a shekarun farko alƙalai na ɗan kawar masa da kai, ranar da ya haɗu da waɗanda ba sa ɗaga ƙafa kuwa sai ka ga wasan nasa ya canza gaba ɗaya, yana ta ɗaga hannu yana gardama. Sai kuma kayar da mutum, a 2024 ya sha kuskure, mai gudu da ƙwallo ya taho sai ya miƙa hannu kawai maimakon ya sa kafaɗa, a shekarar ai bai shiga All-Pro ba.

Akwai kuma maganar tsarin da ya taso a ciki. Zamanin koci Robert Saleh a Jets yawanci gefe ɗaya yake tsayawa, tsaron yanki ake yi sosai, kowa ya tsare wurinsa, ba wai duk inda babban risiba ya je yana biye da shi ba kamar yadda Darrelle Revis ya yi a 2009 a wannan kulob ɗin dai. Shi ya sa ni har yanzu Patrick Surtain na Denver nake sawa a gaba da su duka biyun, shi ne ya ci gwarzon ɗan wasan baya a 2024, ƙafarsa ke aiki ba hannu ba, ga haƙuri, ba ya ruɗewa da yaudarar farko. Ubansa ma kona ne a Miami, gado ne.

Stingley kuma ka manta ciwon cinya ya cinye masa wasanni da yawa a shekara biyun farko, wannan ma ai ana sa shi a ma'auni.

Maganar kuɗi, Stingley ya sa hannu a dala miliyan 90 na shekara 3 a Maris 2025, Sauce ya zo a Yuli ya karɓi miliyan 120.4 na shekara 4, ka ga bambancin a shekara ɗan kaɗan ne, kasuwa ce kawai, wanda ya sa hannu daga baya shi ke hawa sama. Da Jets suka sayar da shi ga Indianapolis a Nuwamba 2025, zaɓin zagayen farko na diraf har guda biyu Indianapolis suka bayar, suka ɗora da risiba Adonai Mitchell. A ganina sun biya da tsada, don kona ɗaya ba ya gyara tsaro in na gaba ba sa matsa wa kwatabak, daƙiƙa huɗu biyar babu wanda zai iya riƙe risiban NFL ko waye shi. Amma haifaffen 2000 ne, yana da sauran shekaru a gaba, kuma riƙe riga abu ne da koci ke iya cire wa mutum, tsawon hannu kuwa ba a koyar da shi.

In za ka kalli wasansa na gaba kar ka bi ƙwallo da ido, ka tsaya a kansa, ka ƙirga sau nawa kwatabak ya kalli gefensa ya fasa, sannan ka duba inda hannunsa na ciki yake in sun wuce yadi 10. Sai ka dawo mu yi magana.