Tambaya da Amsa: Sai na je taron sababbin ɗalibai?

Anti, na samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero. Yayata ta ce taron wayar da kan sababbin ɗalibai ɓata lokaci ne, in yi zamana a gida sai an fara lacca. Haka ne?
Ƙanwarki daga Fagge

Barka da arziki, ƙanwata. Ki gaishe min da yayarki, amma kada ki biye mata. Ni na taɓa bin irin wannan shawara a zamaninmu. Ranar farko na shige wani aji, na yi minti ashirin ina ta rubutu kamar gaske, sai wadda ke kusa da ni ta leƙo littafina ta raɗa min, "Baiwar Allah, nan fa 'yan aji uku ne."

Bayero harabarta ba ɗaya ba ce. Akwai tsohuwa wajen Kabuga, akwai sabuwa a kan titin Gwarzo, kuma ba tafiyar ƙafa ba ce tsakaninsu. Ki tabbatar inda sashenku yake kafin ki tare adaidaita.

Jawaban manya suna da tsawo, wannan kam yayarki ta yi gaskiya. Ki daure har a zo kan rajistar kwasa-kwasai da lissafin maki. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa cikin 5.00, kuma tun zangon farko ake tara shi. Ki nemi malamin da ke kula da ajinku, ki san ofishinsa. Ki tafi da hotunan fasfo, fotokwafin takardunki da gorar ruwa, don layin rajista sai ya kai ki azahar.